Dogon Akawu

Kwanan baya muna zaune a ƙofar gida a unguwar Nasarawa bayan La'asar, wani maƙwabcina ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Alhaji, dubi abin da mutane ke shiga." Jirgin ƙasa ne na wata ƙasa mai nisa, fari fat, mai dogon hanci, yana keta gonaki kafin ka ƙifta ido. An nuno cikinsa, ga kofin shayi a kan teburi ko motsi bai yi ba. Maƙwabcin nan sai murna yake yi, wai ya ji an ce mu ma irinsa na nan tafe har Birnin Kebbi. Na mayar masa da wayarsa na ce ya rufa mini asiri. Ya ɗauka ƙuncin tsufa ne, ya yi dariya ya miƙa wa na kusa da ni. Ban yi masa bayani ba. Ni ma na taɓa cewa jirgi na nan tafe, kuma na san abin da maganar ta ci.

Lokacin duk muna jihar Sakkwato. Ina akawu a wani ofis a nan Birnin Kebbi, sabon ɗauka, ga babur, ga biro biyu a aljihun gaba, ina jin kaina kamar ni ne gwamnati. Aikina bai wuce buga takarda da ɗaukar fayil daga wannan teburi zuwa wancan ba, amma a ƙauyenmu, can bakin fadamar Argungu, wa ya san haka? Su dai sun san ɗan wane yana ofis. Duk Asabar nakan hau babur in tafi gida, in kwana ɗaya, in dawo.

Babana manomi ne, shinkafa da damina, albasa da rani. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, yadda ake yi a wurinmu. Ba ya wasa da ni, ba ya yabona a gaban mutane, ba ya ma kallona sosai in akwai ido. Ko ciwo na yi sai dai in ji shi daga zaure yana tambayar Inna, "Yaron ga ya ci abinci?" Na tashi ina ganin ƙanena yana hawa kafaɗarsa, ni kuwa sai dai a aike ni. Da na samu aiki sai ya samu abin kirana, ya riƙa ce mini Akawu. Daga bakinsa duk gari suka ɗauka.

Sau ɗaya tak Baba ya taɓa shiga jirgin ƙasa, yana saurayi, shekarar da suka tafi cin rani Kurmi, can kudu. Mu nan ba mu da layin dogo, ba mu taɓa samu ba. Inda ya tsaya can Ƙaura ne, kuma da ƙafa suka je, kwana da kwanaki, suna kwana a zaurukan mutane. Amma tafiyar nan guda ta ishe shi labari har ƙarshen ransa. Yakan faɗi yadda kan jirgin ke numfashi yana tsaye, da bencin katako, da matan da ke miƙo rake da dafaffen ƙwai ta taga a kowace tasha, da yadda ya yi barci ya farka ya tarar da wata ƙasa dabam, itatuwan ma ba irin namu ba. Abin da ya fi tsaya masa a rai taragun kaya ne. Buhu kan buhu, shanu a tsaye, ana jan su duka ba jakin da ya gaji, ba wanda aka daka. Mun ji labarin nan har mun haddace, Inna ma takan ƙarasa masa in ya tsaya tari.

Mai albasa kuwa ba abin da ke kashe shi kamar jira. Ka cire ta, ka jera a rudu, wato rumfar karan da muke ajiye ta don ta sha iska, ka zauna jiran babbar mota. In motar ta zo ta lalace a hanya, sai labari ya dawo maka cewa rabin kayan ya zama ruwa. Duk shekarar da haka ta faru Baba yakan tsaya a bakin rudu, hanci a toshe, ya ce, "Da dogo ya iso nan, da albasag ga ba ta ruɓe ba." Ba wanda ke amsa masa, don kamar mutum ya ce da yana da fiffike ne.

Sai wata shekara da rani, bayan an gama yankan shinkafa, 'yan safiyo masu awon ƙasa suka sauka a fadamarmu. Sun zo da jif, da wani abin leƙe mai ƙafa uku, da sanduna masu zanen ja da fari. Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Kwana uku suna leƙe suna ɗaga wa juna hannu, suka kakkafa turaku masu jan kai, layi biyu, suka keta gonakin mutane da su, suka shiga motarsu suka tafi ba su ce wa kowa uffan ba. A gonarmu layin ya bi ta tsakiya ne, ta kwarin da ruwa ke fara shiga kuma ya fi daɗewa, inda ƙasar take baƙa wuluk. Faɗinsa zai yi taku talatin, tsawonsa kuwa iyakar gonar. Duk wanda ya san gonar ya san a kwarin nan abincin gidanmu yake.

Da na zo ran Asabar na tarar da dattawa a kan tabarma a ƙofar mai unguwa, maganar turaku ake yi. Wani ya ce hanyar mota ce, wani ya ce gwamnati za ta ƙwace fadamar. Ina kashe babur mai unguwa ya ce, "Yawwa, ga mai shiga ofis. Akawu, turakun ga na mi na?"

Wallahi ban sani ba. Na dai taɓa jin ana hira a ofis, irin hirar masu jiran lokacin tashi, wai wata rana za a ja dogo daga Ƙaura ya bi ta Sakkwato ya gangaro Argungu da Birnin Kebbi. Iyakar abin da nake da shi ke nan. Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin, da kowa ya ci gaba da zatonsa. Amma ido ashirin na kaina, ga biro a aljihu. Na gyara tsayuwa na ce, "Layin dogo ne."

Wani tsoho ya ce, "Akawu, ka tabbata?"

Na ce, "Na ga takardar da idona."

Kai, har yau in na tuna sai in ji kamar in mari bakina. Wace takarda? Ni da ko fayil ɗin hutun ma'aikata sai an ce in ɗauka nake taɓawa. Baba yana can gefen tabarma yana tufka igiya, ban ga ya ɗago ba. Na dai ga hannunsa ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da tufkarsa.

Wanda bai san fadamar gulbin Rima ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. In damina ta yi nisa gulbi yakan cika ya malale fadamar gaba ɗaya, wata da watanni ba ka ganin komai sai kan shinkafa a kan ruwa. In ruwan ya janye yakan tafi da duk abin da aka kafa, turke ne ko dutse. Shi ya sa mutanenmu ba sa yin iyakar gona da icce. Jema suke dasawa, ciyawar nan mai saiwa kamar igiya, wadda in ta kama ƙasa ruwa ba ya iya ta. Iyakar kakanka, in da jema aka yi ta, kai ma za ka tarar da ita.

Kafin ruwan farko Baba ya bi bakin gulbi ya haƙo jema, ya yi ta jigila da jaki. Ya dasa a gindin kowane turke, ya dasa tsakanin turke da turke, layi biyu, tun daga wannan iyaka har waccan. Ya ce kada ruwa ya kwashe turaku mutanen su dawo su rasa hanyarsu. Da lokacin shuka ya yi, ƙanena, wanda shi ke noma tare da shi, ya ɗauki iri ya nufi kwarin. Baba ya ce ya dawo.

"Ba a shuka bisa hanya," in ji shi.

Ƙanena ya ce, "Baba, ai ba su zo ba tukuna. Mu shuka, in sun zo su tarar."

"Na ce ba a shuka bisa hanya."

Shekarar farko ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda layin ya bi ta gonarsa ya bar wurin, ana ta lissafin inda tasha za ta kasance, har wani ya ce shi rumfar shayi zai kafa. Ni kuwa ana ganina sai a taso, "Akawu, yaushe za su fara?" In ce ana kan shiri. A shekara ta biyu rabinsu suka shuka abinsu. A ta uku ba sauran turke ko ɗaya a fadamar sai namu, wasu an ɗaure jakuna da su, wasu sun shiga murhu. Jemar Baba kuwa ta kama, ta yi kauri, layi biyu miƙaƙƙu kamar an ja da zare.

A cikin shekara ta biyun nan aka aike ni Sakkwato da wasu takardu, na ce bari in yi tambaya. Na shiga ofis uku. A na ƙarshe na samu wani dattijo da ya daɗe a aikin awon ƙasa, na kwatanta masa wurin. Ya ce ya tuna an taɓa tura wasu can, amma shi a saninsa maganar hanyar ruwa ce ta noman rani, kuma tuni aka bar zancen, mutanen ma sun koma inda suka fito. Na ce ba dogo ba? Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Dogo? Wa ya gaya maka?"

Na hau mota na dawo da niyyar ran Asabar zan faɗa wa Baba. Tun daga Birnin Kebbi har Argungu ina jera maganar a kan babur. Na same shi a zaure, na gaishe shi, na buɗe baki, sai ya riga ni. Ya ce, "Akawu, jan turakun ga ya koɗe. In za ka zaka wani sati, ka sawo man jan fenti." Ya faɗa yana kallon ƙasa, kamar mai jiran amsa. Na ce to.

Na sayo. Wannan ne abin da ba na iya yafe wa kaina. Ƙaryar farko ta fito ne a tsaye, cikin zafin kai na yaro. Fentin kuwa da ƙafata na je kasuwa, na zaɓa, na ɗaure a bayan babur. Kuma ba sau ɗaya ba. Duk shekara in ruwa ya janye sai ya ce in sawo fenti, duk shekara sai in ce to. Turken da ya ruɓe ya sassaƙa wani ya maye, ya shafa masa ja.

Mutane suka mayar da shi abin dariya. In ya fito masallaci sai wani sa'ansa ya ce, "Malam, jirgin naka ya yi usur ko tukuna?" In an ga hayaƙin masu gasa kifi daga nesa sai a ce ga jirgin tsoho nan ya taso. Suka sa wa wurin suna dogon tsoho. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce yana nan tafe. Abin da na lura da shi, kuma na ji daɗinsa don rashin kunya, shi ne ba mai tsokanata. An manta wanda ya fara faɗa. Kowa ya tafi a kan tsohon ne ya ruɗe da son jirgi, ni kuwa ana ci gaba da kawo mini wasiƙa in karanta, ana tambayata shawarar asibiti da ta makaranta.

Sai shekarun fari suka zo. Ruwan sama ya yi ƙaranci, gulbi ya taso kamar ba ya so, bai kai ko rabin inda ya saba ba. A gonarmu wuri ɗaya kawai ya samu ruwa sosai, kwarin nan da ke tsakanin layin jema biyu. Na je na gani da idona. Hagu da dama shinkafa ta tsaya iya gwiwa ta ƙone, ba ta ko fitar da kai ba. A tsakiya kuwa ciyawa ce kore shar har ƙirji, tsuntsaye na shiga suna fita. Maƙwabtanmu da suka shuka nasu kwarin sun samu abin da ya kai su rani. Mu buhu nawa muka ɗauka ba na son tunawa.

Ranar wata Laraba ina dawowa daga ofis na tarar da ƙanena zaune a ƙofar ɗakin da nake haya, ƙafafunsa fururu. Bai taɓa zuwa wurina ba sai ran nan. Ko ruwan da na ba shi bai sha ba.

Ya ce, "Yaya, tambaya guda niz zaka yi. Ka ga takardar ko ba ka gani ba?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan.

"Ni ka noma gonag ga. Matata na da ciki. In ka gani, in haƙura. In ba ka gani ba, ka tai ka gaya mai, kai ɗai yaka saurare."

Da ni mai gaskiya ne da na sunkuyar da kai. Sai na hau shi da faɗa. Na ce yaushe ya yi girman da zai tuhume ni, me ya sani game da aikin gwamnati, shi da ko sunansa ba ya iya rubutawa. Haka na ce masa, ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce in abinci ne zan aiko da gero. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ba gero nika roƙo ba." Ya tafi tasha.

Na aika da geron, na ci gaba da aikawa, ina gaya wa kaina ai na toshe ramin. Da aka cire albasar shekarar ƙanena ya hau saman buhuna a babbar mota ya tafi Kurmi, wai zai raka kaya. Bayan wata biyu ya aiko a kai masa matarsa. Inna ba ta ce mini komai ba sai ranar da aka fitar da kayan ɗakin. Ta dube ni ta ce, "Kai da ubanka, Allah shi shirye ku." Ban gane me ya sa ta haɗa mu ba sai daga baya.

Haka muka kai shekara goma. Baba ya rage shi kaɗai a gona, gwiwa ta fara ba shi wahala, yana noma gefe da gefe iya ƙarfinsa yana zagaye tsakiya. Ni na yi aure, an ƙara mini girma a ofis, na sa wa ɗana na fari sunansa. Har lokacin ban faɗa masa gaskiya ba. Daga ƙarshe na yi dabara irin ta matsorata. Na ji ana cewa jirgin ma da ake da shi ya ja baya, na ce bari in kai shi Ƙaura ya gani da idonsa, in ya ga halin da dogon gaske ke ciki zai saki namu da kansa, ba sai na ce komai ba.

Ya sa rigarsa ta Sallah. Muka bi ta Sakkwato, muka kwana a Gusau wurin wani ɗan'uwan Inna, da hantsi muna tashar Ƙaura. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan, awaki na kiwo a kai, wata mata ta shanya barkono a kan dakalin da fasinja ke tsayawa. Akwai tarago biyu a gefe, ƙofofinsu a buɗe, kaji a ciki. Na tambayi wani ma'aikaci da ke zaune a inuwa, ya ce jirgi yana zuwa, amma ba zai iya ce mini yau ko gobe ba. Muka zauna a benci. Muka yi Azahar a nan. Baba yana ta kallon kudu, inda jirgin zai ɓullo.

Can ya tashi ya sauka kan layin, ya dogara sandarsa ya nufi ɗaya ɓangaren. Na bi shi. Ba mu yi nisa ba ƙarafan suka ƙare. An gitta wani ƙaton katako, an tara ƙasa a bayansa, shi ke nan. Daga bayan tarin ƙasar gonar wani ce, ya noma geronsa har gindin katakon, bai bar ko taku ɗaya ba. Baba ya tsaya yana kallon karan geron. Ya sa sanda ya ƙwanƙwasa ƙarfen sau biyu.

A nan abin ya fito, ban shirya ba. Na ce, "Baba, ban ga takarda ba. Ban taɓa ganin ta ba. Ƙarya na yi."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na sani."

Na ce tun yaushe.

"Tun ran da kaf faɗi. Kana ƙarami in za ka yi ƙarya kunnenka na dama kaka taɓawa. Ran nan ma ka taɓa."

Ni da nake zaton mutumin nan bai taɓa kallona ba. Na zauna a kan ƙarfen. Na ce to don me, Baba, don me ka bar kwarin?

Ya ce, "Shekarar farko na sa rai, ko Allah shi gaskata ka. Ina son jirgin, ba ni musu. Bayan nan, gaban mutane kac ce ka gani da idonka. Su in sun noma nasu, gonarsu ta, ba su ce komi ba. Ni in nis sa galma wurin, na shaida ma gari ɗana maƙaryaci na. Wa ka sake kawo maka wasiƙa? Gara su ce tsoho ya ruɗe."

Ran nan ne na fara jin ya ce ɗana, kuma a cikin wannan magana ya faɗa.

Na ce ai da ya yi mini magana, ko a ɓoye. Sai ya juyo ya dube ni sosai, ido cikin ido, abin da bai saba ba.

"Ni in tambaye ka ko ka yi ƙarya? Duk shekara nika aiken ka fenti, Akawu. Cewa nika yi bana za ya ce, Baba, bar fentin ga, noma wurinka. Ko dalili ba ni tambaya. Da safe da na kafta ta." Ya mayar da kallonsa kan geron. "Sai ka ce to."

Na yi kuka a wurin nan, da girmana, da hulata. Bai rarrashe ni ba. Da aka kira La'asar ya ce mu je mu yi salla mu nemi mota. Jirgin bai zo ba har muka bar garin.

Da ruwa ya janye na ɗauki hutu, na sayi galma sabuwa, na ce ni da kaina zan kafce kwarin. Sai da na tsaya a kai na ga abin da na daɗe ina kallo ban gani ba. Babu sauran kwari. Shekara goma jema layi biyu tana tare laka da yashin da ruwa ke kawowa, wurin ya cike, ya taso, ya fi sauran gonar tudu. Ya zama doguwar ganuwa miƙaƙƙiya, sak irin wadda ake ɗora dogo a kai. Ko an share ta ruwa ba zai sake kwanciya a nan ba. Duk da haka na sara. Galma tana shiga saiwar jema tana dawowa, hannuwan ofis suka yi ƙurji suka fashe tun ranar farko. Baba yana zaune a kan iyaka da sandarsa yana kallo. Kwana shida na yi, abin da na share bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. A rana ta shida ya ce, "Bari haka nan, ka koma aikinka." Ya bi layin yana cire turakun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su ya kai wa Inna murhu.

Bai ga wata damina ba bayan wadda ta biyo. Da ya rasu ƙanena ya zo gaisuwa, ya kwana bakwai, muka gaisa kamar surukai. Ya je gonar shi kaɗai ya dawo, ya koma Kurmi. Can ya tsufa, 'ya'yansa ba su san hanyar ƙauyenmu ba. Gefe da gefen gonar wasu dangi ke nomawa yanzu. Tsakiyar tana nan yadda take, mata na yankar jema a kai, in ruwa ya cika mutane na bi ta kai su tsallaka.

Bara na je gaisuwar wata rasuwa a ƙauyen da ke hayin fadama. Damina ce, hanyar da na sani ruwa ya shanye ta. Na ga wata mata da damin jema a ka, ba ta san ni ba, ni ma ban san ko 'yar wa ce ba. Na tambaye ta ta ina ake bi. Ta nuna da haɓa ta ce, "Alhaji, bi ta dogon Akawu, shi ka hid da kai."

Na tsaya. A sanina dogon tsoho ake cewa. Na ce mata wane ne kuma Akawu?

Ta gyara kayanta ta ce, "Oho. Wani na, wai da yac ce ya ga takarda."

Na ce mata haka ne. Na tattare rigata na hau.